Kano zuwa Jidda: ina awa biyun nan suka shige?

A makon jiya wani ƙanenmu ɗan aji biyar ya kawo mana tikitin kakarmu da za ta tafi Umara, kansa a ɗaure. Tikitin ya nuna jirgi zai tashi daga filin Malam Aminu Kano ƙarfe 10:00 na safe, ya sauka Jidda ƙarfe 4:30 na yamma. A dawowa kuma zai bar Jidda ƙarfe 1:00 na rana, ya iso Kano ƙarfe 3:30. Ya ce, "Yaya, tafiya awa shida da rabi, dawowa biyu da rabi? Ko hanyar gida gangare ce?"

Mun yi dariya, amma fa mu ma irin wannan tambayar ta taɓa kayar da mu a jarrabawar labarin ƙasa.

Mu fara da nisa. Daga Kano zuwa Jidda, a miƙe ta sama, kimanin kilomita 3,400 ne. Babban jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin wajen kilomita 850 a awa guda. Ku raba 3,400 da 850, za ku samu awa huɗu cif. Sai dai jirgi ba ya fara gudun nan tun daga ƙasa. Sai ya gangara titin tashi, ya hau a hankali, can kuma ya rage gudu kafin ya sauka. Wannan ne ya ƙara rabin awa a tikitin Hajiya. Wani lokacin ma ya fi haka, domin miƙaƙƙiyar hanyar ta kan Chadi da Sudan take bi kafin ta tsallake Bahar Maliya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 jirage da dama suka riƙa yin zagaye.

To, ina sauran awa biyun? Suna cikin agogo. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 kowace awa. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwic, Jidda kuma wajen 39. Tazarar ta kai digiri 30, kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Shi kuwa tikiti, kowane lokaci da agogon garin da ake magana a kai yake rubuta shi. Ƙarfe 4:30 a Jidda ƙarfe 2:30 ne a Kano. Ƙarfe 1:00 na Jidda kuma 11:00 na safe ne a nan. Ku lissafa da kanku: zuwa da dawowa duk awa huɗu da rabi ne.

A nan ake zubar da maki a WAEC da NECO, a ƙara inda ya kamata a rage. In an nufi gabas a ƙara, in an nufi yamma a rage.

Mun kuma ja wa ƙanen namu kunne: kada ya kira Hajiya ƙarfe 10:00 na dare don a gaisa. A Makka sha biyu ta buga, tsohuwa ta kwanta.