Abin da Turai ta kulle a gidan tarihi, mu muna shaƙarsa a garaji

Peugeot 404 da 504 sun zama kayan gidan tarihi a Faransa. A can ba a buɗe birkinsu sai da takunkumi na musamman, saboda amiyant, wanda 'yan Najeriya ke kira asbesto. Faransa ta haramta shi a 1997, Tarayyar Turai a 2005.

Mu fa? Irin waɗannan tsofaffin motocin ne ke ɗauko gero daga Sarkin Yamma zuwa Maraɗi. Yaron garaji ya kwance birki, ya hure ƙurar da baki. A cikin tsohon birki da kulaci akwai zaren amiyant, ido ba ya ganinsa. In ya shiga huhu sai ya zauna, bayan shekara 20 zuwa 40 ya iya zama kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe ma'aikata sama da 200,000 duk shekara.

Za a ce mini: "Muna fama da maleriya, ka zo da zancen Nasara." A'a, wallahi. Huhun yaronmu bai fi na Bafaranshe ƙwari ba, kuma kariyar ba ta da tsada. A jiƙa ƙura, a goge da tsumma, kar a hure. Tsohon rufin siminti mai zare ko sili, kar a fasa, kar a yanka.

Magadan gari su lissafa lakwal da gidajen likita masu irin wannan rufin. Ku kuma, ku kai saƙon nan garajin unguwarku yau.