Shawara Kaɗai Ba Ta Cika Tukunya

Baƙar mace a Amurka ba ta fi farar mace kamuwa da sankarar mama ba, amma haɗarin mutuwarta daga cutar ya ɗara na farar da kusan kashi 40 cikin 100. Abin da aka saba gaya mata shi ne ta gyara cimarta, ta motsa jiki.

Shawarar tana da tushe. An danganta ƙiba da sankara iri 13. Bayan ɗaukewar al'ada, kitsen jiki ne ke samar da sinadarin estirojin, wanda ke haɓaka wasu nau'o'in sankarar mama. Likitoci kuma suna neman aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Sai dai a ganina an ɗora wa mace nauyin da ba nata kaɗai ba ne. A wasu unguwannin kudancin Shikago, soyayyen abincin kanti ya fi ɗanyen ganye kusa da araha. Shi ya sa dabarar ƙungiyar GirlTrek ta burge ni: maƙwabta su fito tare, su taka minti 30 kullum. Sauran aikin, wato kasuwa mai ganye da gwajin asibiti kan kari, yana wuyan hukuma.