Raddi ga Masu Cewa Tiyatar Muƙamuƙi Tana Faɗaɗa Fuska Har Abada

Ana yin tiyatar gyaran muƙamuƙin ƙasa ne ga wanda haɓarsa ta turo gaba fiye da kima, ko ta noƙe baya, har haƙoransa ba sa haɗuwa daidai wajen tauna. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Trauner da Obwegeser suka bayyana a 1957, Dal Pont ya yi mata gyara a 1961: a tsaga ƙashin a tsawonsa ta ɓangarori biyu daga cikin baki, a matsar da sashen da ke ɗauke da haƙora, sannan a ɗaure da ƙananan faranti da kusoshin titaniyom. Akwai masu hana 'yan uwansu wannan aiki, a Damare da Jimeta kamar sauran wurare, bisa da'awar cewa fuska takan yi faɗi ta ci gaba da buɗewa. Da'awar ba ta da ƙarfi.

Babbar hujjarsu ita ce abin da ido ya gani a makon farko. To, wannan kumburi ne. Yakan kai ƙarshensa a kwana na 2 zuwa na 3, mafi yawansa ya sauka cikin 'yan makonni, ragowarsa kuma ya ɗauki wata 6 zuwa shekara. Hukuncin da aka yanke a ranar dubiya bai shafi fuskar da za ta zauna ba.

Sai cewarsu ƙashin kansa yana buɗewa. Nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma bai dace a ɓoye shi ba. Muƙamuƙi tsukakke ne a haɓa, buɗaɗɗe ta wajen kunnuwa, don haka idan aka matsar da sashen haƙora, gefen ƙasusuwan ba sa kwanciya daidai a kan juna, sai kusurwoyin baya su ɗan fita waje. Amma abin 'yan milimita ne. Ƙashi kuwa rayayye ne: bayan ya haɗe a kimanin mako 6, jiki yakan yi ta cinye tudun da ya fito, sai wani ɓangare na faɗin ya koma cikin shekarar farko. Likita ma yakan kankare inda ƙasusuwan suka yi karo tun a ɗakin tiyata. Sannan idan aka mayar da doguwar haɓa baya, fuska takan gajarta, ido ya ɗauka faɗi ta ƙara.

Zancen cewa ƙarfen yana tura kumatu da shekaru ba shi da tushe. Titaniyom ba ya girma. Ƙiba da tsufa su ke sauya kumatu, da tiyata ko babu.

Faɗin da ke dawwama ya fi fitowa daga karayar da ba a gyara daidai ba. Idan ƙashi ya karye a haɓa a haɗarin hanya, musamman tare da karayar mahaɗar gaban kunne, tsokoki sukan ja shi ya wage ta baya, ya haɗe a haka. Ɗorin gida ba ya iya mayar da haƙora mazauninsu. Mai irin wannan rauni a Damare, wurinsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, tun ƙashin bai kama ba.