Tarihin Onome Ebi Da Darasinsa Ga Mutanen Katagum Mazauna Kurmi

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya ga irin murnar da aka yi ran 26 ga Yuli 2025, sa'ad da 'yan matan Nijeriya suka farke ci biyu da aka yi musu, suka cinye Maroko 3 da 2 a birnin Rabat, suka ɗauko kofin ƙwallon ƙafa na matan Afirka karo na 10. Da suka komo gida Shugaban Ƙasa ya ba da sanarwar ba kowacce kuɗi daidai da dala 100,000, da gida mai ɗaki uku, da lambar girma ta ƙasa. To, amma wanda ya bi jerin sunayensu zai tarar galibinsu 'yan Kudu ne, ko kuwa haifaffun Turai da Amurka. Wannan ita ce maganar da ta kamata mutanen Azare da ƙasar Katagum mazauna Kurmi su zauna su auna, domin su ne suka ga al'amarin da idonsu, gani kuwa ya kori ji.

Hanyar fahimtar wannan sana'a ita ce a dubi tarihin mace ɗaya wadda ta ƙare ƙuruciyarta a cikinta. An haifi Onome Ebi a Ikko cikin 1983. Mai tsaron baya ce, watau aikinta tare abokan gaba kafin su kai ga raga. Ta yi wasa a ƙungiyar Bayelsa Queens, daga nan ta haye zuwa ƙasar Suwidin, ta yi Turkiyya, ta yi birnin Minsk na ƙasar Belarus, ta yi Sin, ta kuma yi Sifen. Da ita aka ci kofin Afirka sau huɗu, cikin 2010 da 2014 da 2016 da 2018. Ta halarci gasar cin kofin duniya har sau shida, daga 2003 zuwa 2023, kuma ita ce ta fara yin haka a duk Afirka, maza da mata. A zuwanta na ƙarshe shekarunta 40.

Ba banza ba ne ta daɗe haka. Mai cin ƙwallo yakan dogara ga gudu, gudu kuwa shi ne abin da shekaru ke fara ƙwacewa. Mai tsaron baya ita da hankali take aiki. Takan karanta inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a bugo ta ba, ta san lokacin da za ta tari abokiyar gaba da lokacin da za ta ja da baya, ta daidaita sahun 'yan'uwanta don a kama mai satar gida, ta kuma riƙe zuciyarta kada ta yi ƙeta kusa da raga ta jawo fanareti. Ba safai ake tafa mata ba, amma kuskurenta ɗaya kowa ya gan shi. Amfanin irin wannan horo ya fito fili a gasar duniya ta 2023, inda Nijeriya ta yi wasa huɗu, a uku daga ciki ba wanda ya jefa mata ƙwallo a raga, wato da Kanada da Ailan da Ingila. Ingila ma sai a bugun fanareti ta samu ta fitar da ita. Haƙuri da lura da kamun kai su ne jarin wannan aiki, kuma su ne halayen da kowane gida a Katagum yake ƙoƙarin cusa wa 'ya'yansa mata.

Sai dai ba zai kyautu a ɓoye ɗacin abin ba. Onome Ebi ta karye a hannu a wasan ƙarshe da Kamaru cikin 2016, ta kuma ji mummunan rauni a gwiwa a Sifen cikin 2022. A 2016 ɗin nan, bayan sun ciwo kofi, sai da 'yan wasan suka ƙi fita daga masaukinsu a Abuja saboda ba a biya su haƙƙinsu ba, haka kuma suka sake yi a Faransa cikin 2019. Bayan wannan, a kowace yarinya ɗaya da ta kai Turai akwai tarin waɗanda suka tsaya a hanya. Saboda haka uban da ya cire 'yarsa daga makaranta don ƙwallo ya yi babbar wauta. Ilmi shi ne uwa, wasa ɗa ne, kuma ba a sakin reshe a kama ganye.

Abin da ya fi tsaya wa iyaye a rai shi ne sutura da cuɗanya da maza. Wannan damuwa ce ta gaskiya, wadda ba ta cancanci ba'a ba, balle a jihar da take aiki da Shari'a tun 2001. Amma fa duniyar ƙwallo ta sake. Hanin da aka yi wa mata na rufe kai a fili, wanda ya fara aiki cikin 2007, an ɗage shi ɗungum cikin 2014. Ran 30 ga Yuli 2023 Nouhaila Benzina, mai tsaron bayan Maroko, ta shiga fili da kanta a rufe, hannuwa da ƙafafu a suturce, ta zama ta farko da ta yi haka a babbar gasar duniya ta mata. A ranar Maroko ta cinye Koriya ta Kudu 1 da nema. Ƙasar Saudiyya ma ta buɗe babbar gasar ƙungiyoyin mata cikin 2022, har Ashleigh Plumptre, ɗaya daga masu tsaron bayan Nijeriya, ta koma ƙungiyar Al-Ittihad ta Jidda cikin 2023. Ba a ce abin da wata ƙasa ta yi ya zama hujja a addini ba, wannan fagen malamai ne, kuma su ya kamata a fara tuntuɓa. Abin da ya tabbata dai shi ne dokar wasa ta daina tilasta wa 'ya mace ta zaɓi ɗaya tsakanin mutuncinta da filin ƙwallo.

Ƙasar Katagum kuwa ba baƙuwar tsaro ba ce. Baturen nan Clapperton, da ya iso birnin da Malam Zaki ya kafa cikin 1824, ya tarar da ganuwa biyu da gwalalo uku, ya kuma shaida bai ga gari mai ƙarfinsa ba tun da ya baro Tarabulus. Tun da sarauta ta komo Azare cikin 1916, garin ya zama cibiyar ciniki da ilmi. Ga Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh mai horad da malamai, ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa cikin 2021, ga kuma jami'ar jiha a Gadau, ba nisa. Garin da yake horad da malamai da ma'aikatan lafiya a wuri ɗaya yana da duk abin da ake bukata don fara wasan 'yan mata cikin tsari da kiyayewa.

Abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Na farko, a gyara fili a cikin harabar makarantun 'yan mata, a kewaye shi, 'yan kallo su zama mata zalla. Na biyu, a zaɓi malamai mata a ba su horon koyad da wasa da alƙalanci, don kada a ce sai namiji ya shiga. Na uku, a ɗinka riguna masu dogon hannu da dogon wando da abin rufe kai, telolin kasuwar Azare ma sun isa wannan aiki. Na huɗu, kada a bar yarinya ta taɓa ƙwallo sai da yardar iyayenta a rubuce, wadda kuma ta faɗi jarrabawa a dakatad da ita sai ta gyara. Daga nan sai a shirya gasa tsakanin makarantun Azare da Madara da Cinade sau ɗaya a shekara. Wadda Allah ya ba baiwa, ba sai ta tafi Kurmi ba, ga ƙungiyar Nasarawa Amazons ta Lafiya wadda ta ci gasar ƙasa cikin 2013 da 2017. Wadda ba ta kai can ba ta dai sami lafiyar jiki, wata ta zama malamar wasanni, wata alƙaliya, wata mai jinyar 'yan wasa.

A nan ne nauyi ya hau kan mazauna Kurmi. 'Yan kasuwar Mile 12, da mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, su ne suke ganin 'ya'yan maƙwabtansu, cikinsu har da Musulmi, suna fita filin wasa da safe su wuce makaranta. Asisat Oshoala, wadda aka zaɓa gwarzuwar Afirka har sau shida, Musulma ce 'yar Ikorodu. Su ne kuma ake jin maganarsu a gida, domin da guminsu ake gina masallatai da azuzuwa. Ƙungiyar 'yan gari guda ɗaya ta isa ta sayi ƙwallaye da riguna, ta sa kofi. In sun je gida Sallah, sai su kai maganar gaban iyayen ƙasa da malamai cikin ladabi, su kuma tambayi shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar da suka zaɓa nawa aka ware wa 'yan mata cikin kuɗin wasanni. Wakilan jam'iyya a mazaɓu su ma kada su jira sai lokacin zaɓe ya ƙarato, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗin da ake kashe wa ƙungiyar matan Nijeriya na kowa da kowa ne, har da harajin mutumin Katagum. Babu adalci a ce nasa biya ne kawai, ladan kuwa na 'ya'yan wasu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yarinyar da za ta tsaya a bayan Nijeriya nan da shekara goma a yau tana firamare. Allah ya shirya zuriya, ya ba shugabanni ikon yin abin da zai amfani jama'a, amin.