FILIN SAMARI: Ɗari ya shigo, a fiddo kekuna, a tafi tare a komo tare

 

Hatsi ya shiga rumbu, an ɗaure harawa, aikin gona ya ƙare sai baɗi. Waɗansu samari sun rataya jaka sun tafi bida. Waɗanda sunka rage, da yawansu suna wuni gindin icce, daga shayi sai karta. A wanga wata za mu yi zancen wani abu mai arha, mai gyara jiki, mai buɗe ido, watau yawon keke na ƙungiya. Samari goma ko goma sha biyar su haɗu rana guda a mako, su tashi da safe, su ziyarci wani gari, su komo gida kamin rana ta faɗi.

Don mi yanzu? Don babu lokacin da ya kai wanga daɗin tuƙi. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, mai keke ba ya nisa sai ya galabaita. Da damana kowa yana gona. Amma a Disamba da Janairu safiya tana da sanyi, tsakar rana kuma zafin bai cika wuce digiri 30 da ƴan kai ba. Hanya ta bushe, hannu ba shi da aiki.

Da yawanmu mun rena keke tun ranar da babur ya yawaita. Amma ku tuna abin da ya faru a farkon shekarar 2020, lokacin da hukuma ta hana yawon babura dare da rana a wurare da dama na jihar Tillaberi saboda tsaro. Ƴan kabu-kabu sunka zamna ba aiki, zuwa kasuwa da zuwa likita ya yi wuya. Ran nan mai keke ya zama ɗan gata. Keke ba ya shan mai, ba ya cin dusa, gyaransa kuma ba ya fin ƙarfin aljihun talaka. Abin da ya fisshe ka ranar wuya, kada ka bar shi tsatsa ta ci shi bayan ɗaki.

To, ina za a je? Ga wurare uku da za a iya zuwa a komo a wuni guda.

Na ɗaya, Tukunus, wajen kilomita 20 arewa da Filinge. Can ne gwamnati take da tashar kiwo tun shekarar 1954, inda ake zaɓen irin shanun Azawak masu yawan nono. Ɗan makiyayi da ya ga yadda ake ware bajimin kirki ya ƙaru da abin da zai kai garken ubansa. A nemi izinin ma'aikatan wurin tun kamin ranar zuwa. Sabuwar ƙungiya ta fara da wagga hanya, awa guda da rabi ta isa a kai ba tare da gaggawa ba.

Na biyu, Shikal, kudu maso gabas da Filinge, hedkwatar gundumar Kurfai ta Tsakiya. Nisanta bai fi na Tukunus da yawa ba, amma akwai rairayi, wani wuri sai an sauka an tura. Tsohon gari ne, kuma dattawansa suna da labarin Kurfayawa na zamanin da Nasara ya shigo ƙasar. A tafi masu da goro, a zamna a saurara.

Na uku, Bonkuku, cikin ƙasar Imanan, wajen kilomita 40 kudu, bisa babbar hanyar da ta bi ta Baleyara zuwa Yamai. Zuwa da komowa kilomita 80 ke nan, sai ƙungiyar da ƙafarta ta riga ta saba. Mutanen wurin sun yi suna da noman dankalin turawa lokacin ɗari, don ruwa ba shi da nisa cikin Dallol Boso. Saurayin da ya ga garaken nan kore shar a tsakiyar rani, zai tambayi kansa ko lalle sai ya ƙetare iyaka zai samu kuɗi. Gani ya kori ji.

Sai mu komo ga iska, don ita ce babbar abokiyar gabar mai keke da hunturu. Iskar tana fitowa daga gabas maso arewa, kuma tana ƙara ƙarfi in hantsi ya yi. Mai zuwa Tukunus zai yi fama da ita da safe yana da sauran ƙarfinsa, da marece ta tura shi gida. Mai zuwa Bonkuku kuwa, iska za ta kai shi kamar kyauta, ya ce ai tafiyar ba komi ba ce, sai wajen komowa ta karɓi bashinta. Saboda haka duk ranar da kunka nufi kudu, ku juyo tun da azahar, ku ba hanyar komowa lokacin da ya ɗara na zuwa. A Janairu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi.

Maganin iska shi ne jeri. Wanda ke gaba shi ke tsaga ta, na bayansa yana cikin lungu, yana tuƙi da sauƙi. In na gaba ya gaji, ya koma baya ya huta, wani ya karɓe shi. Haka manyan ƴan tsere suke yi. A Burkina Faso, inda anka fara tseren zagayen ƙasa a 1987, dunƙule za ka gan su suna tafiya. Biniam Girmay ɗan ƙasar Eritiriya, wanda ya ci zango uku a tseren zagayen Faransa na 2024, abokansa ne ke kare shi daga iska har kusa da wurin ƙarewa, sa'an nan ya fito. In zakarun duniya ba su iya yi su kaɗai, ina ga ni da kai?

Amma a lura, abin da muke kira gare shi ba tsere ba ne. Nan ne ƙungiyoyi suke lalacewa. Masu sabon keke da ƙarfin cinya su ruga, su bar yaro da tsohon keken ubansa shi kaɗai cikin daji, taya ta sace, ba famfo, ba ruwa. Ya komo gida da dare yana turawa, uwa tana bakin ƙofa hankali tashe. Mako mai zuwa uban ya hana shi, maƙwabci ma ya hana nasa, ƙungiya ta mutu. Gudun ƙungiya shi ne gudun wanda ya fi kowa rauni a cikinta. Don haka a ɗora dokoki, kowa ya yarda da su kamin a taka feda:

1. Jagora yana gaba, ba mai wuce shi. Mai gyara yana can ƙarshe, ba mai zama bayansa.

2. A ƙidaya mutane wurin tashi, a ƙidaya wurin hutu, a ƙidaya wurin komowa.

3. In taya guda ta sace, kowa ya tsaya.

4. Bisa babbar hanya a bi hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, manyan motoci suna da yawa, a kiyaye. In hazo ya rufe har ba a hangen nesa, a ɗage fita.

5. A duba birki da sarƙa da taya tun jajibiri. A riƙe famfo, da faci, da robar cikin taya ta ajiya, don ƙayar aduwa da tsidau ba su san saurayi ba.

6. Kowa ya ɗauki ruwa, ko lita 2. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, amma iskar hunturu tana busar da jiki. A riƙe dabino ko ƙuli-ƙuli, da rawani na rufe hanci, da rigar sanyi wadda za a tuɓe in rana ta yi.

Akwai magana guda da ta fi waɗannan duka nauyi, ita ce tsaro. Kowa ya san halin da jiharmu ta shiga a shekarun nan. Kada ƙungiya ta fita sai ta shaida ma iyaye da mai gari, ta kuma tambayi jandarma labarin hanya. A aika ma mai garin da za a je tun da wuri, don kada mutane su hango ayarin baƙi su firgita. Kowa ya riƙe takardarsa ta ɗan ƙasa. In anka ce hanya kaza ba ta biyuwa, ba gardama: a yi zagayen garuruwan kusa, ko a haƙura sai wani mako. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ba shi da keke fa? A yi asusu, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu. Da shi za a sayi kayan gyara, a tada matattun kekunan da ke jingine cikin gidaje, a ba marasa shi aro. Ƴan mata masu zuwa makaranta bisa keke su ma suna iya yin tasu fitar kusa da gari, da yardar iyaye, da rakiyar malamarsu.

Iyaye, in ɗiyanku sunka zo maku da wanga zance, ku yi masu tambaya uku: ina za ku, wa ke jagora, yaushe za ku komo? In amsa ta gamsar, ku sa masu albarka.

Ƙungiyar da ta fita, ta rubuto mana garin da ta je, da abin da ta gani, da yawan waɗanda sunka tashi da waɗanda sunka komo tare. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.