Daga hawaye zuwa hawan keke

A watan Afirilu na shekarar 2021 wata jinjira mai suna Azaylia ta rasu a Ingila, tana da wata 8 a duniya, bayan ta yi fama da sankarar jini. Kafin rasuwarta jama'a sun tara fam sama da miliyan ɗaya da rabi domin a kai ta Singafo neman magani, amma ajali ya riga tafiyar. Iyayenta suka kafa gidauniya da sunanta don agajin yara masu sankara. A shekarar ce kuma uban, Ashley Cain, tsohon ɗan ƙwallon ƙungiyar Coventry City, ya hau keke ya ratsa Birtaniya tun daga Land's End a kudu har John o' Groats a arewa, tafiyar da ba ta kasa kilomita 1.400 ba.

Wannan al'ada ce sananniya a ƙasashen Turawa. Mai hawan keken yakan sanar da hanyar da zai bi da aikin da yake nema wa kuɗi. Daga nan dangi da abokai da waɗanda ba su taɓa ganinsa ba kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar. Wahalar jikinsa ita ce ke jawo hankalin mutane. A Amurka, wani mai suna Billy Starr, wanda sankara ta raba da uwarsa, ya fara irin wannan tafiya a jihar Masacusets a 1980. Su 36 ne, suka tara dalar Amurka 10.200. A 2024 jimlar abin da tafiyar ta tara ta wuce dala biliyan ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Mutumin Gabi da ya ji wannan labari zai iya cewa abin masu hali ne. To, amma keke ba baƙo ba ne a gundumar Madarunfa, kuma rashin yaro ba baƙo ba ne. Kowace damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa kan haɗu a kan ƙananan yara. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta tsai da shawarar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina, kuma Madarunfa na cikin gundumomin farko. Sai dai akwai abin da doka ba ta biya: kuɗin babur daga ƙauye zuwa likita, guzurin uwa mai jinya, da jini. Zazzaɓi mai tsanani kan shanye jinin yaro, kuma ba a samun jini sai wani ya miƙa hannunsa an ɗiba.

A nan ne keke zai yi amfani. Tafiya daga Gabi zuwa Madarunfa, har a zarce Maraɗi, ba ta wuce wuni guda. Idan samari goma suka yi ta domin tunawa da wani yaro nasu, suna tsayawa ƙauye-ƙauye suna faɗin dalilinsu, za a iya samun abu biyu: asusun kai marasa lafiya likita, da sunayen mutanen da suka yarda su ba da jini in an kira su.

Za a ce kunya ba za ta bar uba Bahaushe ya yi ta yawo da sunan ɗansa a bainar jama'a ba, balle in ɗan fari ne. Gaskiya ne, kuma ba a nemi ya zubar da kunyarsa ba. Wannan aikin kawu ne, ko baffa, ko wa. Za a kuma ce haƙuri aka umarci wanda aka yi wa rasuwa. Haƙuri bai hana sadaka ba. Sadakar bakwai da ta arba'in kan ƙare a wuni guda, amma yaron da aka ceto da jini yana iya tsufa.

Sharaɗi biyu ne kawai ba a wasa da su. Na farko amana: a rubuta kowace dala a littafi, a karanta lissafin gaban maigari da limami da kwamitin likita, domin taimakon da aka ci sau ɗaya ba a sake bayar da shi. Na biyu tsaro: yankin iyaka ya sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, saboda haka a sanar da hukuma, a yi tafiya da rana kuma a ayari.

Wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma daminar baɗi na nan tafe, kuma akwai yaran da ba a riga an rasa ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya waɗanda suka rage.