Tauraron Kara Ya Fi Itacen Roba

Da zarar Disamba ta kama, kasuwanninmu na mako sukan cika da wani irin kaya wanda ba a ganinsa sauran watanni. Ga igiyoyi masu ƙyalƙyali, ga ƙwallayen roba ja da kore, ga kuma ɗan itacen roba da aka yayyafa wa fari, wai ƙanƙara ce ta zubo masa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin irin itacen nan tsaye a daji ba, balle ƙanƙarar. Duk da haka muna saye, gama ba wanda yake so a ce gidansa ne kaɗai bai san Kirsimati ta zo ba.

A wannan watan kuma ma'ajin kowace ƙungiyar gama kai ya san abin da ke faruwa. Hatsi ya shigo gida, farashi ya faɗi, amma maigida yana bukatar kuɗin ɗinkin yara, da shinkafa, da nama, da kayan ado. Sai ya buɗe rumbu. Buhun da ya sayar da araha a Disamba, shi ne zai nema da tsada a Yuli da Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma, ƙarfi kuwa ya ƙare.

Waɗansu dattawa sun ce maganin abin shi ne a daina ado ɗungum. Mu ba mu yarda da haka ba. Muna so mu duba wata ƙasa wadda take yin ado sosai da Kirsimati, mu ga inda suka yi daidai, da inda ƙafarsu ta zame.

Ƙasar ita ce Filifin, can gabashin Asiya. Tsibirai ne fiye da 7,000, mutanenta kuwa sun wuce miliyan 109 a ƙidayar 1 ga Mayu, 2020. Kusan takwas cikin goma 'yan Katolika ne, akwai sauran ɗariku, akwai kuma Musulmi, galibinsu a kudu. Ba baƙi ba ne gare mu sarai. Waɗanda suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai a Arewa tsakanin 1970 da 1985, da yawansu malaman Filifin ne suka koya musu lissafi da kimiyya. Manoman shinkafa ne su ma, masu fama da bashi da ambaliya kamar kowa. Guguwar teku wajen ashirin kan shiga yankinsu kowace shekara, ta Nuwamba 2013 kaɗai ta hallaka mutum fiye da 6,000. Saboda haka kada mu ce wai wadata ce ta sa suke ado.

Sifaniyawa ne suka mallake su daga 1565 har 1898, su ne kuma suka kawo musu bikin. Amma abin da kowa yake fara gani a ƙofar gidan mutumin Filifin a Disamba ba daga Turai aka kawo shi ba. Fitila ce mai siffar tauraro, suna kiranta parol. Sunan ne kawai aka aro daga kalmar Sifaniyanci ta fitila. Da gora ake yinta, gora kuwa tana tsirowa a bayan kowane ƙauye. Akan tsaga ta siri-siri guda goma, a ɗaure biyar su zama tauraro mai tsini biyar, a ɗaure sauran biyar haka, a haɗa taurarin biyu ta bakin tsininsu. Sai a cusa gajerun sanduna biyar a tsakani domin cikin ya kumbura. A manna takarda mai launi, a rataya jela biyu ta takarda a ƙasa. Ke nan. Tauraron da masana suka bi zuwa Baitalami ake tunawa.

Fitilar nan kuwa da aikinta aka fara yinta. Daga 16 ga Disamba har 24, kwana tara a jere, mutanen Filifin sukan tashi sujada tun da asuba, waɗansu wurare tun ƙarfe huɗu. Suna kiran wannan Simbang Gabi. Tarihin da suke bayarwa shi ne, an sa sujadar a wannan sa'a saboda manoma, domin su yi ibada su wuce gona kafin rana ta yi zafi. A zamanin da ba lantarki, fitilar gora mai kyandir ko man kwakwa ita ce take haskaka hanya daga gida zuwa majami'a. Yau birane sun ƙara ta dare saboda ma'aikata, amma ta asuba tana nan, majami'u kuma suna cika.

Nan ne muke so shugabannin ikilisiya su tsaya su yi tunani. Ikilisiya ce ta dubi aikin manomi ta gyara lokacinta, ba ta ce masa ya bar gona ba. Sau nawa muke sa taron kwana uku daidai lokacin girbin dawa ko roron wake, sa'an nan mu yi gunaguni cewa mutane ba su da himma?

In an fito daga sujadar asubar, a ƙofar majami'a mata ne zaune da tukwanen ƙasa. Suna gasa wata irin waina ta garin shinkafa da madarar kwakwa, bibingka, a kan ganyen ayaba, garwashi a ƙasa garwashi a sama. Ga wata kuma, puto bumbong, shinkafa mai danƙo mai launin shunayya wadda ake turarawa cikin bututun gora, a barbaɗa mata kwakwa da sukari. A kora da ruwan citta mai zafi. Ku lissafa: shinkafa, kwakwa, ayaba, gora, citta, tukunya. Kome daga gonar maƙwabci ya fito ko daga hannun maginin tukwane, kuɗin da aka kashe kuwa a garin yake kwana. Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalinmu, fiye da kyan fitilar kanta. Nairar da muka ba mai itacen roba, ta bi mota zuwa Kano ko Anacha, daga can ta haye teku. Wadda muka ba mai waina ko mai saƙar faifai, gobe za mu gamu da ita a kasuwarmu.

Suna da waɗansu al'adun. A falo ko a dandalin gari akan kafa ɗan garke da siffofin Maryamu da Yusufu da jariri da makiyaya, sunansa belen, sau da yawa da ciyawa da ɓawon kwakwa da buhunan da aka gama da su. A waɗansu garuruwa, daren jajibere, saurayi da budurwa sukan yi shigar Yusufu da Maryamu su bi gida gida suna neman masauki, ana korarsu, har su kai majami'a. Mun san 'yan'uwanmu na waɗansu ɗariku ba sa son siffofi a wurin ibada, ba kuma muna cewa su canja ba. Tauraro da wasan kwaikwayo dai ba su saɓa wa kowa ba. Yaran makarantar Lahadi tamu sun daɗe suna yi.

Abin da ya fi girma yana birnin San Fernando, a lardin Pampanga, arewa da Manila. A can unguwanni ne suke gasar fitila a tsakiyar Disamba. Fitila guda takan kai ƙafa 20 a faɗi, da ƙwayayen lantarki dubbai. Hikimar da ke bayanta ta fi ƙwayayen ban mamaki: gangunan ƙarfe ne ake liƙa wa tef a wurare dabam dabam, a jera wayoyi a kansu, mutane su riƙa juya su da hannu. Inda waya ta taɓa ƙarfe wuta ta kama, inda ta hau tef ta mutu, sai ka ga launuka suna rawa daidai da kiɗa. Ba mai kuɗi guda ne yake da sunan fitilar ba, ta unguwa ce. Daga wannan al'ada kuma sana'a ta fito. Iyalai da yawa a birnin da ƙera fitila suke ci, waɗansu da ɓawon wata kawa ta teku mai haske kamar gilashi, har ƙasashen waje ake aikawa. Suna da kalma, bayanihan, wadda asalinta daga maƙwabta ne da sukan taru su ɗauki bukkar mutum a kafaɗa su kai masa sabon wuri. Mu gayya muke ce mata, ba sai an koya mana ba.

To, amma ba kome nasu ne abin koyi ba, kuma masu hankalinsu ma suna faɗa. Kirsimatin Filifin tun 1 ga Satumba take farawa. Ranar nan gidajen rediyo da manyan kantuna sukan saki waƙoƙin biki, ba a sauke ado sai farkon Janairu. Wata huɗu cur! Ikilisiya ba ta sa wannan ba, gama lokacin shiri nata mako huɗu ne. 'Yan kasuwa ne suka fi cin ribarsa. Teburin daren jajibere, wanda suke kira Noche Buena, ba a ganin ya cika sai da cinyar alade mai gishiri da wani dunƙulallen cuku mai jan ɓawo wanda asalinsa na Holan ne. Har ma'aikatar cinikinsu takan fitar da jerin farashin kayan wannan dare kowace shekara, saboda yadda abin yake damun mutane. Yara kuma sukan je gaida iyayen baftismarsu, su ɗora hannun babba a goshi, a ba su sababbin takardun kuɗi. Al'ada ce mai kyau, amma su da kansu suna ba'a cewa a Disamba iyayen baftisma ɓuya suke yi.

Ina kuɗin yake fitowa? Ma'aikacin kamfani yana da doka a bayansa: tun 1975 aka wajabta a biya shi albashin wata na goma sha uku kafin 24 ga Disamba ta wuce. Mai ɗa ko 'ya a ƙasar waje yana jiran aike, kuɗin da 'yan Filifin na waje suka aika gida a 2023 ya wuce dala miliyan dubu 30, ban da manyan kwalayen kaya da suke turowa ta jirgin ruwa. Manomin da yake haya a gonar wani ba shi da wata na goma sha uku. In ba shi da kowa a waje, sai ya je wurin mai ba da bashin da suke kira biyar-shida, watau ka karɓi biyar ka mayar da shida, sau da yawa cikin wata guda ko biyu. Wannan kuwa mun san ƙanensa. Shi ne mai ba da kuɗi a kan buhun da ba a girbe ba tukuna.

Akwai kuma abin fashewa. Kowace sabuwar shekara asibitocinsu sukan karɓi ɗaruruwan mutane, yara da yawa a ciki, waɗanda ya ƙone ko ya gutsure wa yatsu, har a 2017 shugaban ƙasar ya ba da umarni a taƙaita shi ga wuraren da hukuma ta keɓe. Su ke nan da suke da danshi. Mu da muke biki cikin hunturu, ga jinka busasshiya, ga damin dawa a tsakar gida, ga iska, nokawut guda ya isa ya cinye wahalar shekara.

Ra'ayinmu ke nan. A yi ado, a yi shi sosai, gama gidan da aka share aka shafe yana ɗaga zuciyar masu shi, baƙo kuma ya san an yi shirinsa, har da maƙwabtanmu Musulmi da muke aika wa abinci su ma su aiko mana da Sallah. Amma kada a buɗe rumbu dominsa. Ba mu da gora a ko'ina, muna da kara kuwa tuli bayan girbi. Yaron da ya iya motar kara da tabaron kara ba zai kasa tauraro mai tsini biyar ba. Ga tukurwa a fadama, ga kaba, ga ƙaro ko kunun rogo na manna takarda, ga tsofaffin littattafan makaranta da buhunan taki da aka wanke. Ga farar ƙasa da jar ƙasa na shafen bango, da sabon daɓe, da faya-fayai da ƙoren da iyayenmu mata suka saba jerawa tun kafin a san roba. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya yin da yawa su sayar a kasuwa, kuɗin ya shiga asusu.

Sauran hidimar biki, ɗinki da nama, tana bukatar kuɗi, ba musu. Mutanen Filifin suna da nasu adashin, paluwagan, waɗansu kuma sukan tsara shi ya fito daidai Disamba. Ƙungiyoyinmu su yi haka: a fara zubi tun Janairu, ko kaɗan ne, a raba a farkon Disamba, ko a haɗa a sayi sa guda a yi watanda. Wanda ya matsu duk da haka, ya kawo buhunsa sito na ƙungiya a ba shi rance a kai, a ajiye masa har farashi ya tashi. A sa wannan magana cikin taron watan nan, kada a jira sai ɗan kasuwa ya iso da motarsa.

Masu yin tauraron kara kuwa, kada a sa kyandir ko aci-balbal a cikinsa ko kusa. A sa ƙaramar tocila ko fitila mai cajin rana, a rataye shi nesa da jinka da zana da rumbu, a kuma ajiye bokitin ruwa da yashi a gindin.